Ɗan ƙanwata da faifan naira 45,000

Makonni uku da suka wuce, bayan la'asar, ina zaune kan tabarma a ƙofar gida a Tudun Wada ta Gusau, sai ɗan ƙanwata ya tsayar da babur, ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, don Allah duba mini wannan, kai ka san kan abin." Hoton faifan DVD ne na fim ɗin Star Wars, bugun 2006. Wani ne a Facebook yake cewa saura guda ɗaya tak a hannunsa, naira 45,000, a tura kuɗi tukuna, sannan ya ba direba a tasha daga Legas. Na tambaye shi ina zai samo kuɗin. Ya sunkuyar da kai, ya ce daga jarin POS ɗinsa zai ɗan ciro, kafin wata ya mutu ya mayar.

Gabana ya faɗi, domin kalmomin da na faɗa wa mai ɗakina ke nan a 2009, babu ragi babu ƙari.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, kuma tun ina yaro fina-finan almarar kimiyya suka shiga raina, masu jiragen sararin samaniya da mutum-mutumin ƙarfe da biranen da ba a gina ba tukuna. Lokacin da sa'o'ina ke haddace waƙoƙin Indiya, ni tambayata ita ce yaya aka yi jirgi ya rataye a sama babu igiya. Na sayi na'urar DVD ta farko a 2004. A lokacin abin da ake samu a kasuwa shi ne faifan nan na kasuwar Alaba ta Legas mai fim goma sha biyu ko ashirin a ciki, cikin leda da kwali mai sheƙi. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, mai biyu 8.5, kuma fim ɗaya ake nufi da wannan wuri. In aka cusa ashirin, sai fuskar mutum ta koma kamar an zana ta da gawayi, duhun sararin sama ya farfashe gida-gida. Abin ya riƙa ci mini rai. Na ce sai na ga fina-finan nan kamar yadda masu su suka yi su. Har yau ban ga aibin wannan niyya ba. Aibin yana inda ta kai ni.

Faifan orijina na farko, wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Amurka ya aiko mini ta hannun wani matafiyi. Wata huɗu ina jira. Ranar da ya iso na sayi man janareto, na tara abokai biyu, na saka shi, na'ura ta tofo shi. Na goge da gefen riga, na sake sakawa, ta sake tofowa. Ashe an raba duniya yanki shida: Amurka da Kanada yanki na 1, Turai da Japan na 2, mu nan Najeriya da Indiya da Rasha na 5, Sin na 6. Lambar tana nan a bayan kwali, cikin ɗan zanen duniya da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ban taɓa kula da ita ba. Na'urata mai tsada tana bin wannan doka, 'yar ƙaramar ta China da maƙwabcina ya saya rabin kuɗin tawa kuwa ba ruwanta, komai aka ba ta ci take. Da na aro tasa, faifan ya tashi, amma hoton ya fito fari da baƙi a tsohuwar talabijin ɗina, saboda na Amurka tsarin NTSC ne, namu PAL. Mai hankali da a nan ya tsaya ya yi lissafi. Ni talabijin na sake.

Daga nan abin ya zama ciwo. Akwai wani fim na Jamus, Metropolis, na 1927, wanda babu magana a cikinsa sai rubutu da kiɗa. Bayan an fara nuna shi a Berlin aka yanke shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya ɓace shekara da shekaru. Na yi shekara biyu ina bin sa. Na je Kano ta Tsafe da Funtuwa ba sau ɗaya ba, na shiga shagunan Sabon Gari ina rubuta sunan a takarda saboda ba wanda ya taɓa jin sa, har aka haɗa ni da mai kawo kaya daga Ingila. Ya zo hannuna farkon 2008. Ban cika wata shida da shi ba aka sanar cewa an gano wani tsohon kwafi a gidan adana fina-finai na Buenos Aires a Ajantina, mai ƙarin kusan minti 25. A 2010 aka fitar da gyararren. Wallahi daren da na ji labarin ban yi barcin kirki ba. Faifan da jiya nake alfahari da shi ya koma mini kamar riga mai hannu ɗaya.

Amma kafin gyararren ya fito na riga na tafka babbar. A 2009 muna tara kuɗin fili ni da mai ɗakina, ita da adashinta, ni da abin da ya ragu daga albashi. Wani mutum a Legas, da lambar wayarsa kawai na san shi, ya ce yana da tsofaffin fina-finan shekarun 1950 guda goma sha ɗaya, duka orijina, wani Bature mai komawa gida ne ya bari. Na ciri naira 60,000 daga kuɗin filin, na ce mata kafin wata ya mutu zan mayar. Kayan sun iso tasha cikin kwalin taliya. Kwalayen sun yi kyau, har da ledar da ake naɗewa. Na buɗe na farko, na juya bayansa a hasken rana, sai ga shi shuɗi-shuɗi mai ruwan makuba. Faifan kamfani bugawa ake yi, bayansa ruwan azurfa ne ko ɗan zinariya. Mai ruwan makuba a kwamfuta aka ƙona shi, irin wanda yaran kasuwa ke sayarwa naira hamsin a lokacin. Duka goma sha ɗayan haka suke. Uku ma babu komai a ciki. Na kira lambar, a kashe, har yau.

Mai ɗakina ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi kwalayen a kan gado, ta ce, "Malam, Allah ya sa a cikinsu akwai ɗakin da za mu kwana." Ta koma madafa. Filin nan abokin aikina ne ya saye shi. Ya gina, ya aurar da 'ya a cikinsa. Ni har yanzu haya nake biya.

To amma bari in faɗi nawa, don ba na son yara su karanta wannan su ce Kawu shashasha ne kawai. Ban sha sigari ba, ban yi caca ba, ban zauna majalisar gulma ba. Akwai waɗanda suka kashe ninkin abin da na kashe a hidimar siyasa, ko na gode ba su samu ba. Ɗalibai da yawa sun fahimci dalilin da ya sa ba a jin ƙara a sararin samaniya ne saboda na nuna musu fim ɗin da ya yi daidai da wanda ya yi kuskure, suka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa. Kuma a Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, makonni babu kira babu data, a zaurena yaran unguwa suka riƙa taruwa da dare. Masu cewa komai yana intanet a lokacin suka ga iyakar intanet. Sannan ga abin da ya faru a Jos: a Oktoban 2013 BBC ta sanar da gano kashi tara na shirinta na Doctor Who, na 1967 da 1968, waɗanda ita kanta ta goge nata don ta sake amfani da kaset ɗin. A ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos aka same su, cikin gwangwanayen fim, sun sha ƙura. Da wani bai bar su a kan kanta ba, da sun tafi ke nan. Ajiya ba hauka ba ce.

Sai dai wannan labari na Jos shi ma ya cuce ni, ko in ce na cuci kaina da shi. Hutun ƙarshen shekarar 2013 ɗin gaba ɗaya na ƙarar da shi ina bin tsofaffin shagunan hayar kaset a Ƙauran Namoda da Funtuwa da Zariya, ina sayen buhunan faya-fayan da ba wanda ke so, wai ko zan dace. Mahaifiyata tana kwance a lokacin, ƙanwata ce, uwar yaron nan, ta yi ta jinya ita kaɗai. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma na san wanda ya kamata ya kasance a bakin gadon.

Yau ina da faya-fayai sun fi ɗari shida. Na zauna na ƙirga waɗanda na kalla daga farko har ƙarshe, ba su kai rabi ba. Zafin Afrilu a ɗaki mai rufin kwano ya lanƙwasa wasu, ƙurar hunturu ta kakkarce wasu, masu ruwan makuban kuwa rininsu ya ci, na'ura ba ta ma ganin su. Neman ne ya fi mini daɗi, ba kallon ba, kuma na yi shekara goma ban yarda na faɗa wa kaina haka ba.

Na yi niyyar rubuto muku shawara goma, har na jera su a bayan littafin darasi. Da na sake dubawa, yawancinsu surutu ne. Kada ka tura wa mutumin da ba ka sani ba kuɗi. Ba a cinikin biri a sama. Riƙe faifan, juya bayansa, duba lambar yanki, a saka shi a na'ura a gabanka. Kada ka taɓa jari, ko kuɗin da ba naka kai kaɗai ba, ko da za ka mayar gobe da safe, don ba za ka mayar ba. Kuma kalli fim kafin ka nemi mallakarsa. Metropolis ɗin da na yi shekara biyu ina bi, tun farkon 2023 haƙƙin mallakar asalinsa ya ƙare a Amurka, kamfanin Mosfilm na Rasha kuma da kansa ya ɗora tsofaffin fina-finansa kyauta a YouTube. Da datar naira dubu za ka ga abin da ni na rasa fili a kansa. Gaskiya ma kada ka fara tarawar sam. Amma kuma in ka ci karo da orijina na gaske a gwanjo, da kuɗin da ba zai hana ka cin tuwo ba, kada ka bar shi, domin abin da ke intanet yau ana iya sauke shi gobe, layin ma ana iya katse shi, mun gani da idonmu. Na san maganganun nan biyu suna karo da juna. Duka biyun nake nufi.

Abin da ya fi ƙona mini rai da yaran yanzu shi ne ko haƙurin kallon ba ku da shi. Minti biyu a TikTok, an wuce. Ka kunna musu fim, kafin a gama rubutun farko sun fara tambaya, "Wane ne bos ɗin? Babu fassarar Hausa?" Na tambayi ɗan ƙanwata ko ya san dalilin da ya sa ake neman bugun 2006. Bai sani ba. Na ce masa a 1997 mai fim ɗin ya yi masa kwaskwarima da kwamfuta, bugun 2006 kuma shi ne ya zo da faifai na biyu mai ɗauke da yadda aka nuna shi a silima tun farko, amma daga tsohon kwafin 1993 aka ɗauko, a talabijin mai faɗi hoton tsakiya yake tsugunawa, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Na ce, "Kana ma da na'urar da za ka saka shi?" Ya ce a'a, zai dai ɗora hotonsa a sitatus, akwai wani guruf da ake ji da masu irinsa. Ni aƙalla son ganin abin ne ya kai ni ga asara. Kai fa? Na faɗa masa haka da zafi fiye da yadda ya kamata, har ya yi shiru yana wasa da makullin babur, na kuma ji kunya, domin a ɗakina ya fara ganin waɗannan kwalaye tun yana rarrafe.

Bai tura kuɗin ba. Na ce ya riƙa zuwa duk Asabar muna sauke kantocin, muna goge ƙura, muna ware matattu daga masu rai. Duk wanda ya zauna ya kalla a zaurena har ƙarshe, waya a aljihu, ya tafi da shi kyauta. Ya zuwa yanzu ya tafi da biyu. A Metropolis ɗin da aka gyara da kwafin Ajantina ya tsayar da ni ya tambayi me ya sa wasu wurare suka yi zane-zane kamar ruwan sama, na ce su ne mintunan da suka ɓace shekara tamanin, ya ce in mayar baya ya sake gani. Asabar ɗin nan da ya ajiye wayarsa a kan tabarma zai yi alwala, allon ya haska, na ga har yanzu bai goge hoton faifan mutumin Legas ɗin ba.