Masarar Ejura da na'urar awon danshi

Har yanzu idan na tuna lambar da na'urar nan ta nuna, sai gabana ya faɗi. Masarar da na sayo a kasuwar garin Ejura da ke Gana, wadda na ciza na ji ƙas a haƙori, wadda dillali ya rantse mini ta sha rana har ta gaji, ashe danshinta kashi 17 ne cikin ɗari.

Baje kolin kayan noma aka yi nan Kumasi albarkacin Ranar Manoma, wadda Gana ke yi tun 1985, bayan yunwar 1983 da iyayenmu na Zango ba sa son a tuna musu. Buhunan PICS na je nema, masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Ka ɗaure kowace leda tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Masu koko na unguwannin Aboabo da Asawase nake sayar wa hatsi, kuma raina ya daɗe ba ya son zuba guba a abin da yara za su sha da safe.

Na biya kuɗin buhuna, ina shirin fita, sai na hango wata ƙaramar rumfa can bayan taraktoci. Wani matashi ne da na'ura, ba ta fi tafin hannu ba sosai. Akwai ƙullin samfur a aljihuna, na miƙa masa. Ya zuba, ya danna, ya dube ni.

"Baba, kada ka rufe wannan. Sai ta sauko 13. In ba haka ba, fumfuna za ka tarar."

Washegari nake niyyar ɗure kayan gaba ɗaya! Da na rufe, da jarina ya ruɓe a cikin leda ina nan ina jiran farashi ya tashi. Ga gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa, mai cin hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ke ci mini rai, wanda ya sayar mini da buhunan bai ce uffan ba kan bushewa. Masu shirya taron kuma sun jera taraktocin da ba wanda zai iya saya a cikinmu a bakin ƙofa, ana ta jawabi da Turanci kan wadatar abinci, alhali abin da zai tsare abincin yana lungu.

Duk mai zuwa irin wannan taro, ya tafi da samfurin hatsinsa, ya fara da rumfunan baya. Masarar nan sai da na sake baza ta a tamfol, kuma da ta bushe buhu ya sassauta, wato har kuɗin ruwa na biya. Yanzu mun haɗa kuɗi da maƙwabtana mun sayi na'urar, kuma a Ejura ba na taya kaya sai na auna, ko dillali zai ɓata rai.