Ƙarshen sunan fayil ba shaida ba ne

A makon jiya wani abokin aikina ya turo mini kod ɗin da ya rubuta domin in duba kafin a haɗa shi da sauran aikin. Shafi ne da ɗalibai za su riƙa ɗora hoton fasfo da takardar sakamako, kuma sharaɗin da aka gindaya shi ne kada ya karɓi komai sai JPEG da PNG da PDF.

Ya sanya jerin a cikin accept na akwatin zaɓen fayil, wato wurin da ake rubuta nau'o'in fayil da akwatin zai nuna, kuma hakan daidai ne, sai dai ya ɗauke shi tamkar mai gadin ƙofa, alhali shawara ce kawai da ake bai wa burauza, domin duk wanda ya zaɓi a nuna masa dukkan fayiloli zai wuce salin-alin. Shi ma file.type ɗin da ya dogara da shi, wato bayanin nau'in fayil da burauza ke bayarwa, yawanci daga ƙarshen sunan fayil burauza take ƙiyasta shi, ba ta leƙa abin da ke ciki. Don haka na nemi sabar, wato kwamfutar da ke karɓar fayilolin, ta riƙa duba bayit ɗin farko na fayil da kanta, tunda PDF da %PDF yake farawa, JPEG kuma da FF D8 FF.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne mutanen kirki da kod ɗin zai kora ba su ji ba ba su gani ba. Yana neman .jpg da ƙananan haruffa kaɗai, saboda haka .JPG da kyamarori da yawa ke samarwa, da ma .jpeg, duk za su faɗi. Ga kuma HEIC, wanda wayoyin iPhone ke ajiye hoto da shi tun fitowar iOS 11 a 2017. Ɗalibin da ya ƙona datarsa yana ta gwadawa, saƙon da zai gani shi ne wai fayil bai dace ba, ba tare da an gaya masa wanne ne ya dace ba, kuma wannan a ganina rashin adalci ne.

Na kuma tarar da jerin a wurare 3 mabambanta, ɗaya ma image/* aka rubuta, wato kowane irin hoto, wanda ke buɗe wa nau'in hoton SVG hanya, ga shi SVG na iya ɗauke da JavaScript a cikinsa, wato kod ɗin da burauza ke iya aiwatarwa. Mun zauna tare mun mayar da jerin wuri guda, inda akwatin da saƙon kuskuren da sabar duk za su riƙa ɗauka daga can.