DAC ɗin nan na maƙalawa a waya, abin da na gani da shi a Yamai

Ni aikina haɗa sauti ne, biki, suna, wa'azi, wani lokaci tallar rediyo, kuma rabin sauraren a waya nake yinshi ina bisa hanya. To wayar da na canza ba ta da ramin ekutar, kun san tun da Apple ta cire shi a iPhone 7 a 2016 manyan wayoyi da yawa suka bi sahu, dole na nemi ɗan abin nan mai kan USB-C da ake cewa dongul, wanda ake maƙala ekutar a jikinshi.

Wanda na fara samu wajen masu kayan waya a Grand Marché ko motsi bai yi ba, wayar ma ba ta ganshi ba. Ashe iri biyu ne, akwai wanda zare ne kawai babu komai cikinshi, yana jiran wayar ta turo mishi sauti, wayoyi da yawa kuma ba sa yin hakan, akwai kuma mai DAC ɗinshi a ciki wanda shi ke maida lambobi sauti. A gwada maka a wayarka kafin ka miƙa kuɗi, ido ba ya bambanta su.

Daga baya wani ƙanena ya taho min da mai cif ɗin DAC samfurin CS43131 guda biyu, ramin ekutar na milimita 3.5 yana bada wajen volt 2, na milimita 4.4 wajen volt 4. Nan kam na ji bambanci wallahi, kaskina mai ohm 250, irin mai neman volt da yawa, da a da sai na ƙure volum kuma ganga ta fito ba nauyi, yanzu rabi ya isheni, kalangu na fita da ƙarfinshi. Amma a ƙaramin ekutar mai ohm 16 ko 32 gaskiya ɗan na Apple ma mai volt 1 ya wadatar, sai dai a Android yakan yi ƙasa-ƙasa.

Sai maganar filta, wato saitin tace sauti da ke cikin DAC ɗin, wadda ita ce mutane ke ta gardama kanta. Nawa yana da biyar, Fast biyu, Slow biyu, sai NOS. Aikinsu guda ne, sautin da aka ɗauka a 44.1 kHz iyakar siririn amon da zai iya ɗauka 22.05 kHz ne, abin da ya haura nan datti ne da ya kamata a tace, kunnen ɗan adam kuma 20 kHz ne ƙarshenshi, shi ma sai yaro. Fast yana barin komai daidai har kusa da 20 sannan ya datse, Slow yana fara sassautawa tun da wuri, NOS kuma kusan ba ya tacewa, yana rage ƙarfin sauti da wajen 3 dB a 20 kHz ya bar dattin ya wuce. Na zauna da dare bayan unguwa ta yi shiru na sa abokin aikina yana canzawa ba tare da ya gaya min ba, tsakanin Fast ɗin nan biyu ban iya rabewa ba ko kaɗan, NOS ne kawai nake ɗan jin ƙarar ƙarfe ta dushe, shi ma sai a fayil ɗin FLAC, wanda ba a rage komai a sautinshi ba. Kuma mu duba mi muke saurare a nan, yawanci MP3 ne mai 128 kbps da aka tura ta Xender ko WhatsApp, wanda tun wajen 16 kHz an riga an yanke shi, bambancin Fast da Slow kusan ba shi ma da abin da zai taɓa. Na barshi kan Fast ban sake komawa ba. Yana min ciwo in ga yaro ya ƙara jika goma don a ce mishi wannan yana da filta bakwai, alhali ekutar ɗinshi ce ke neman canji.

Abin da ya fi damuna shi ne juriya. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, abin kuma jikin ƙarfe ne, in yana aljihu tare da waya sai ka ji shi kamar kofin shayi, batir kuma yana sha sosai don daga wayar yake jan wuta ko an tsaida kiɗa, ranar da ba kuran sai na cire shi. Lokacin hunturu ƙura ke cika ramin USB-C, sauti ya riƙa yankewa kana bisa kabu-kabu, ka ɗauka ya lalace, tsinken sakace kawai na sa a hankali bayan na kashe wayar, ya dawo daidai. Inda dongul ɗin nan suke mutuwa da gaske wuyan kabul ne, don haka ka nemi wanda kabul ɗinshi ke cirewa, in ya karye ka sayi wani ka ci gaba. In kuma ka maƙala shiru, leƙa saitin OTG tukuna, wato wanda ke barin waya ta gane abin da aka maƙala mata ta USB, a wasu wayoyi sai ka kunna shi da hannu kuma yana kashe kanshi bayan minti 10 in ba a sa komai ba.