Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan rashin lafiyar Yaya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi jiya da la'asar aka sallamo Yaya daga asibiti, yana gida har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba don Allah ku yi haƙuri, kwanakin nan ko kaina ban sani ba.

Da yawanku kun san wata biyar kenan da aka yi masa dashen hanta a Indiya bayan ciwon hanta nau'in B ya gama da tasa, ni aka yanki ɓangaren dama na tawa aka sa masa, kuma masu tambayata ina nan garau, hanta Allah ya yi ta tana tofowa, cikin 'yan watanni ta kusa komawa girmanta. Mun dawo gida muna ganin an gama, ashe da saura.

Godiya ta farko bayan ta Allah, matar Yaya ce. Likitocin can sun ce a riƙa gwajin jini duk sati biyu, shi kuwa da ya ga ya yi ƙiba yana zuwa kasuwa sai ya fara cewa lafiyata lau, kuɗin gwajin nan a sayi shinkafa da su, ita ce ta kafe ta ce wallahi ko sarƙarta za ta sayar sai an yi, har suka kwana biyu ba sa magana. Da sakamako ya fito ALT ɗinsa, awon jinin da ke nuna ko hanta na jin jiki, da bai wuce 40 ba ya haura 200, AST da GGT, wasu awon hantar, su ma sun tashi, alhali mutum ba zazzaɓi, idonsa fari tas babu alamar shawara, bilirubin, sinadarin da ke sa ido ya yi rawaya in ya yi yawa, ma bai motsa ba. Sai aka duba yawan tacrolimus a jininsa, maganin da ke danne garkuwar jiki kar ta far wa sabuwar hantar, wanda ake ɗibar jinin da safe kafin a sha na safen, awa 12 bayan na dare, aka ga ya yi ƙasa sosai. Nan ne Yaya ya sunkuyar da kai ya ce yana tsallake na dare don maganin ya kai ƙarshen wata, wai ya gaji da ɗora mana nauyi. Na yi fushi, na kuma yi kuka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ina godiya ga likitan hanta da ya karɓe mu a nan, bai yi gaggawar cewa jiki ne ya ƙi hantar ba, ya ce tashin lambobin nan ƙararrawa ce kawai, toshewar hanyar matsarmama ko ƙwayar cuta ma suna iya kawo haka, sai da aka yi sikanin sannan aka ciro ɗan naman hantar da allura aka duba, shi ya tabbatar jikin ne ya fara ƙin hantar. Kwana 3 ana sa masa methylprednisolone, wani maganin danne garkuwar mai ƙarfi, ta jijiya, suga ya hau har sai da aka haɗa da insulin, aka ƙara masa tacrolimus, lambobin suka fara sauka a hankali. Likitan Indiya ma Allah ya saka masa, ko ƙarfe nawa ne a wajensu yana amsa mana WhatsApp. Shi ne yake gaya min akwai wani sabon gwaji da ake auna ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gadon halitta, na wanda ya ba da hantar a cikin jinin wanda aka dasa wa, in hantar ta fara jin jiki yawansa yakan tashi tun kafin ALT ya nuna, sai dai tsada kuma ba ko'ina ake yi ba. Na ce wato nawa ne ke yawo a jinin Yaya kenan, duk da halin da muke ciki sai da muka yi dariya.

Jama'ar masallacin unguwarmu, 'yan layinsu Yaya a kasuwa da suka haɗa kuɗin maganin wata 6, 'yan ajinmu na sakandare, nas-nas ɗin dare, yaron lab da ya tsaya bayan tashi ya fitar mana da sakamako, da wata baiwar Allah da ta turo kuɗi ta hana a faɗi sunanta, Allah ya biya ku, ya raba ku da ganin irin wannan rana.

Masu zuwa dubiya muna maraba, amma mai mura ko tari ya bari sai ya warke don garkuwarsa a danne take yanzu, kuma don Allah kar a kawo masa sassaƙe ko jiƙo, likita ya hana. Maganin yanzu yana hannun matarsa, ita ke ba shi takwas na safe da takwas na dare tana tsaye sai ya haɗiye. Ranar Litinin za mu koma gwaji, a ci gaba da sa mu a addu'a.