Kwana huɗu a bakin kwazazzabo da jarka shida

Shekara bakwai ke nan ina zaune a Amurka, kuma a cikinsu ban taɓa tsayawa na ƙirga ruwa ba. Ka murɗa famfo ya zo, mai sanyi ko mai zafi, ka yi wanka har ka gaji. Sai a watan Oktoban bara, a kan wani tudu da ake kira Murphy Hogback a kudu maso gabashin jihar Yuta, na samu kaina durƙushe gaban jarka biyu ina lissafi da yatsu, kamar yadda na ga Inna tana yi a gidanmu na Tahoua idan bazara ta tsananta.

Abokin aikina ne a Salt Lake City ya ja ni tafiyar. Ya samu takardar izinin kwana a hanyar White Rim tun watanni kafin lokacin, domin wuraren kwanan kaɗan ne kuma rububinsu ake yi, sai mutum ɗaya cikin tawagarsa ya fasa. Ya tambaye ni ko na iya keke. Na ce masa da keke na girma, tun ina ɗan shekara 11 nake ɗaura bido biyu a kariya in je ɗebo ruwa in dawo cikin rairayi. Ya aro mini keken ƙaninsa, irin na hawan duwatsu, mai faffaɗar taya da giya 12. Mu shida muka tafi: ni, shi da matarsa, wasu mata biyu ya da ƙanwa masu aikin jinya, sai wani dattijo mai shekara 68 da ya sha yin hanyar. A-kori-kura guda ce ke bin mu da tantuna da abinci da jarkoki shida na ruwa, kowace lita 20, muna karɓa-karɓar tuƙinta.

Hanyar tana cikin gandun ƙasa na Canyonlands, wanda aka kafa a 1964, kusa da garin Mowab. Zagaye ce ta kusan kilomita 160. A tsakiya akwai wani ƙaton tudu mai shimfiɗaɗɗen kai da suke kira Island in the Sky, wato tsibiri a sararin sama. Kogin Kolorado ya yanke shi ta gabas, kogin Green ya yanke shi ta yamma, su biyun suka haɗu can kudu. Tsakanin kan tudun da kogunan akwai wani mataki, kamar dakali mai faɗi da ya zagaye gida, bakinsa farin dutse ne mai tauri da ya ƙi zaizayewa, a ƙarƙashinsa kuma jan dutse mai laushi ya rarake ya zama kwazazzabai. A kan wannan dakalin ake tafiya. Sama da kai bango na sama da mita 300, ƙasa da kai rami mai kusan zurfin haka. Babu famfo, babu rijiya, babu shago a duk tsawonta. Ma'aikatan gandun suna cewa kowane mutum ya tanadi aƙalla lita huɗu a rana, kuma an hana hura wutar itace.

Safiyar farko muka gangara ta Shafer. Na tsaya a bakin gangaren na leƙa, sai na ga hanyar ta nannaɗe a jikin dutsen kamar igiyar da aka jefar, lanƙwasa bayan lanƙwasa har ƙasa, wata mota can ƙasa ba ta fi ƙwaro ba. Gabana ya faɗi. Dattijon ya matso ya ce in sauke sirdin keken, in mai da nauyina baya, in riƙa taɓa birki da yatsa ɗaya kawai, kada in damƙe na gaba. Haka na yi. Da muka kai ƙasa yatsuna sun ƙage, ban iya buɗe gorar ruwa ba sai da matar abokina ta buɗe mini. Na ɗaga kai na dubi inda muka fito, na ce Alhamdulillahi a fili.

A inda muka huta ne dattijon ya gaya mini dalilin da ya sa aka yi hanyar. Asali makiyaya ne ke kora shanu ta gangaren Shafer. A shekarun 1950, lokacin da Amurka ke neman ma'adinin yuraniyom ido rufe saboda makaman nukiliya, wani mai suna Charlie Steen ya yi babban gamo a 1952 a kudu maso gabashin Mowab, sai jama'a suka yi ca a yankin. Hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar ta sa aka fasa wannan hanya domin masu nema su shiga da motoci. Abin da aka samu a nan ɗin bai taka kara ya karya ba, aka watse aka bar hanyar. Na yi shiru ina jinsa, don ni ma ɗan bakin hanyar yuraniyom ne. Titin da ya tashi daga Tahoua ya bi ta Agadas ya kai Arlit, inda aka soma haƙo a 1971, da sunan nan muke kiransa. Kawuna ya yi shekaru yana jan babbar mota a kansa, yakan tsaya gidanmu ya kwana, jikinsa duk ƙura, ya kawo mana dabino. Na gaya wa dattijon haka. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce bai taɓa tunanin zai hau hanyar nan da wanda ya san ɗayar ba.

Mun tsaya a Musselman Arch, wata siririyar gada ta dutse da Allah ya shimfiɗa a kan rami, muka kalle ta daga gefe. La'asar sakaliya muka isa masaukinmu na farko a gindin wani dogon dutse da ake kira Airport Tower. Masauki a nan fili ne kawai da bandaki na rami, babu inuwa.

Ina so in faɗi abin da ya faru da zan yi sallah, don ya zauna mini a rai. Tun daga gida na yanke cewa taimama zan riƙa yi, ruwan na sha ne na mutum shida. Na ɗan matsa daga tantuna, na ga wata ƙasa baƙa-baƙa mai ƙuraje kamar ƙanzon tuwo, na durƙusa zan buga hannu. Sai ƙaramar ma'aikaciyar jinyar ta kira ni da sauri ta ce don Allah in dakata. Ta zo ta tsuguna kusa da ni ta nuna mini. Wannan ɓawon, in ji ta, rayayye ne. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, tare da gansakuka, suka saƙa ƙasar suka riƙe ta kada iska ta kwashe, suna kuma riƙe ɗan ruwan saman da ke sauka. Taku ɗaya yana rusa abin da zai ɗauki shekaru masu yawa kafin ya dawo. Shi ya sa ake cewa kowa ya taka dutse ko hanya ko bushasshen rafi. Na kawo ido kusa, na ga ƙananan tudu da kwari, kowane bai fi kan yatsa ba, da wani ɗan tsiro da ya fake a tsakaninsu. Na tuna gonar kakana da iska ta cinye samanta har ta zama fako. Na tashi na koma kan farin dutsen, na buga hannuna a kansa, dama mu Malikawa mun san taimama da dutse. Na fuskanci arewa maso gabas, nan alƙibla take daga Yuta, na yi ƙasaru. Da na sallame babu motsin komai, ko kukan tsuntsu, har ina jin bugun jini a kunnena.

Da dare sanyi ya sauko. Taurari kuwa rabona da ganinsu haka tun ina kwana a tsakar gida kan tabarma. Na nuna musu kaza da 'ya'yanta da ta fito ta gabas, na gaya musu sunanta da Hausa, matar abokina ta yi ta maimaitawa har ta iya.

Rana ta biyu ita ce mai wuya. Da safe abin gwanin sha'awa, hanya tana bin bakin kwazazzabo, ta shiga lungu ta fito, abin da kake gani kusa sai ka yi awa guda kana zagaye kafin ka kai shi. A Monument Basin muka ajiye kekuna muka kwanta rub da ciki a bakin ramin, muna kallon dogayen ginshiƙai jajaye, kowane da farin dutse a kansa kamar hula. Bayan azahar iska ta taso ta gabanmu, mai yashi, irin wadda ke busar da maƙogwaro. Muka sha ruwa fiye da yadda muka tsara. Ga hawan Murphy Hogback a ƙarshen yini, mai tsayi da duwatsu masu zamewa. Dattijon ne kaɗai ya hau shi a kan keke, a hankali, bai tsaya ba. Mu biyar... a'a, mu huɗu muka tura, abokina yana cikin mota.

Motar ta sha jijjiga kafin ta hau. Da muka buɗe bayanta sai muka tarar tantuna biyu sun jiƙe sharkaf. Jarka ɗaya ta bugi ƙarfen jak ta tsage a gindi, ta tsiyaye tas. Uku mun riga mun shanye. Saura biyu, lita 40, mutum shida, kwana biyu, ga girki, ga hawa biyu manya a gaba.

Ba wanda ya ɗaga murya, amma na ga fuskoki sun canza. Abokina ya shiga ba da haƙuri, yana cewa shi ya ɗaure kayan. Ni kuwa wani abu ya dawo mini da ban san yana nan ba. Na ce su bar mini lissafin ruwan. Na soke taliyar da za a dafa a daren, don ruwan tafasa ta zubarwa ake yi, na ce a yi shinkafa dafa-duka wadda ke shanye ruwanta. Na ce kowa ya suɗe kwanonsa da burodi, sannan kofi ɗaya na ruwan zafi ya bi kwanukan shida ɗaya bayan ɗaya. Na ja layi da alƙalami a jikin jarka, na ce kada a wuce nan kafin gobe da azahar. Haka Inna take yi da randa, sai dai ita da ido take jan layinta. Ruwan wanke shinkafa na akuya ne, ruwan alwala na bishiyar da ke bakin zaure, ba ta taɓa bari ɗigo ya mutu a banza ba. Ina yaro ina ganin tsanani ne. A kan tudun nan, rana tana faɗuwa, kwazazzabai ta kowane gefe sun koma jajawur, hannuna ya riƙa yin abin da nata ke yi ba tare da na yi tunani ba, kuma kewarta ta kama ni sosai.

Kashegari muka gangara ɓangaren kogin Green, muka wuce dutsen Candlestick, ƙasa tana sauka a hankali har muka fara ganin kore. A Potato Bottom, masaukinmu na uku, akwai manyan bishiyoyi da ganyensu ya zama rawaya, inuwa ta farko cikin kwana uku. Kogin yana nan kusa, amma ruwansa kamar kunu, na'urar tace ruwa ba za ta yi minti biyar ba za ta toshe. Ni da dattijon muka kutsa cikin sarƙaƙiyar bakin kogi da bokiti biyu muka ɗebo. Sai ya laluba akwatinsa ya fito da wata 'yar kwalba mai farin gari, ya ce masu tuƙa kwale-kwale a kogin nan da shi suke kwantar da laka. Na lakata na ɗanɗana, ya ɗaure mini baki. Alif ne. Alif ɗin da Inna ke jefawa a ruwan tafki da damina. Na karɓi kwalbar na ce ya bar mini wannan. Na barbaɗa kaɗan, na juya da sanda ta gefe ɗaya, na ce kowa ya bar bokitin ya huta. Suka kewaye shi suna kallo. Lakar ta fara dunƙulewa kamar madarar da ta tsinke, tana sauka a hankali, sama yana washewa, kafin awa guda muna ganin gindin bokiti ta gefe. Muka tsiyaye na sama, muka tace, muka tafasa. A daren mun sha shayi har zagaye biyu, ni kuma na yi alwala da ruwa.

Rana ta ƙarshe muka hau Hardscrabble da sanyin safiya. Daga samansa muka hango wata 'yar hasumiyar duwatsu a kan tsauni a Fort Bottom, ginin mutanen da suka zauna a bakin kogin nan ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Daga nan hanya ta bi gaɓar kogi cikin yashi mai kama taya. Nan kam na wuce gaba, don na san yadda ake yi da rairayi, ka sassauta hannu a kan keke, ka ci gaba da murza feda, kada ka yi gardama da tayar gaba. Sai hawan Mineral Bottom, lanƙwasa bayan lanƙwasa kamar Shafer, amma wannan karon sama za a yi. Na sa giya mafi sauƙi, na daina duban sama, ina ƙirga numfashi, ina salati. Ban sauka ba har kai.

A kan tudu waya ta kama. A Tahoua dare ya yi, amma na san ba ta kwanta ba. Na kira, muka gaisa, ta tambayi aiki da sanyi. Na ce, "Inna, yau kwana huɗu ina daji a kan keke, har ruwa ya yanke mana, na kwantar da ruwan kogi da alif." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ka dai tafasa ko?" Na ce na tafasa.