Kafin ka zaɓi yis, auna zafin ɗakinka

Shagona ƙarami ne, a Jos yake. Kayan haɗa giya a gida nake sayarwa: tsiron sha'ir, furen hof mai ba giya ɗaci da ƙamshi, bokitai masu murfi, ma'aunin zafi da yis. Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa shan giya, addini ya hana su, ni kuma ba tallarta na zo yi musu ba. Labarin sana'a ne. A duk kayan shagon nan kuwa, babu abin da ke haɗa ni gardama da masu saye kamar 'yar ledar yis ɗin nan mai giram 11.5.

Sababbin shiga galibi da fel-el suke son farawa, giya mai launin zuma da ɗacin hof. Asalinta Ingila ne. Garin Burton, wanda ruwansa ke da gishirin jifsam, shi ya yi suna da ita a ƙarni na 19. A 1980 kuma kamfanin Sierra Nevada da ke Chico a Kalifoniya ya fito da tasa, da hof ɗin Cascade mai ƙamshin lemo, Amurkawa suka bi sahu. Daga nan yis ɗin wannan giya ya rabu gida biyu.

Na gidan Amurka, irin su SafAle US-05, ba ya sa baki a ƙamshi. Yana cinye kusan kashi 80 cikin 100 na sukarin da ke cikin tsiron sha'ir, ya bar wa hof fili, sai dai yana jan ƙafa kafin ya kwanta a gindin bokiti. Na gidan Ingila, kamar S-04, yana aiki da sauri, ya kwanta daram, giyar ta fito garau, da ɗan ƙamshin 'ya'yan itace. Akwai kuma Windsor na kamfanin Lallemand, wanda ba ya iya cin wani nau'in sukarin da ke cikin tsiro, saboda haka giyarsa kan fito da kauri da ɗan zaƙi.

Duk wannan mai saye ya riga ya karanta a intanet kafin ya shigo. Zai ce, "Oga, US-05 nake so, shi kowa ke yabo." Ni kuma in ce, "Ɗan'uwa, a ina za ka ajiye bokitin?" Nan ne ake yin shiru. Waɗannan yis ɗin duka sun fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 18 zuwa 20. Ga shi kuma tsimin da kansa yana haifar da zafi, cikin bokiti ya fi ɗakin da 'yan digirori a kwanakin farko. Idan abin ya haura 25 sosai, yis ya fara fitar da barasa mai ƙona maƙogwaro da wari irin na ruwan goge farce. Komai tsadar hof ɗin da ka zuba, ba zai rufe wannan ba, kuma ajiya a kwalba ba ta gyara shi.

Mu a Jos mun yi sa'a da sanyi. A Disamba da Janairu ɗakin da rana ba ta duka ya isa, S-04 ko US-05, ɗauki wanda ka ga dama. A Maris da Afrilu kuwa sai an tsoma bokitin cikin baho da ruwa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa jefa robobin ƙanƙara. Wanda ya taso daga Abuja ko Lafiya ko Makurdi, ba shi da firij ɗin da zai keɓe wa wannan aiki, ba na wahalar da shi. Kveik nake miƙa masa. Yis ne na manoman yammacin Norwe, sun gaje shi kaka da kakanni, suna busar da shi a jikin zoben katako daga wannan dahuwa zuwa waccan. Abin mamaki, ga shi ɗan ƙasar ƙanƙara, amma yana aiki lafiya lau a digiri 35 har zuwa 40, ya gama cikin kwana uku ko huɗu. Irin na yankin Voss yana ba da ƙamshin ɓawon lemo, wanda ya dace da Cascade. Masu tsaurin ra'ayi za su ce wannan ba giyar Burton ba ce. Gaskiyarsu ne, ni dai ra'ayina gara ita da ta Burton ɗin da zafin Makurdi ya lalata.

Yis na ruwa, irin su Wyeast 1056 da WLP001, ba na kawowa sam. Dole ya kasance cikin sanyi tun daga masana'anta har hannun mai saye, kuma kowa ya san halin wutarmu. Busasshe kan kai shekara uku a ledarsa.

Wasu kan tambaya ko yis ɗin burodi zai yi, tunda jinsinsu ɗaya. Zai tsima, amma ba ya kwanciya da kyau, giyar ta fito a gurɓace da warin kwaɓi. Wasu kuma guggubin burukutu suke son zubawa, kamar yadda iyayenmu mata ke ɗiban na jiya su tayar da na yau. Wannan dabara ce mai kyau a wurinta: burukutu dama da tsaminta ake sonta, kuma ana shanye ta tana cikin tsima. Fel-el kuwa makonni take yi a kwalba, ƙwayoyin tsamin nan ba za su daina aiki ba. Irin wannan matsala ce ta sa masanin kimiyya Emil Christian Hansen ya ware yis tsantsa a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg, a Denmark, a 1883.

Ta fuskar ciniki, yis ne ke cin mafi ƙarancin wuri a shago, shi ne kuma farashinsa ke bin dala sau da ƙafa. Nakan yi odar S-04 da US-05 kafin hunturu, in ƙara kveik tun Fabrairu, kafin masu saye na ƙasan tsauni su fara kira. Wanda kuɗin leda ya yi wa yawa, nakan nuna masa yadda zai kwashi lakar yis mai tsabta daga gindin bokiti, ya zuba a kwalbar da aka tafasa, ya ajiye a firij, ya sake amfani da ita cikin mako ɗaya ko biyu.