Ɗigo ɗaya ya ci min sati uku a rubutun Manchu

Jama'a yau dai na huta. Wallahi daren jiya saura kaɗan in tattara takardun nan na koyon rubutun Manchu, mutanen arewa maso gabashin China, in cusa a kwali, sai ga shi da asuba abin ya buɗe min.

Matsalar ɗigo ce. Mu masu koyo mun haddace cewa a tsakiyar kalma a da e haƙori ɗaya ne, wato ɗan tsinin da ke fitowa daga jikin layi, ɗigo a gefen dama ke raba su, haka ma o da u. To ni sai na riƙe wannan kamar karatun allo, duk inda na ji e ko u sai in ɗiga, shafi shida na kwafa a haka ina ta jin daɗin kaina. Da na zo gwada nawa da na asali sai na ga muke, wato ruwa, ni muge na rubuta, te mai nufin yanzu kuma duk na maida shi de, ga ɗiga-ɗigai ko'ina kamar an watsa gero. Na ɗauka ma kwafin da na buga ne bai fito ba, na koma shagon fotokwafi aka sake buga min da girma, N4,500 ta tafi a banza, har yanzu tana min ciwo don kuɗin datana ne na wata.

Ashe bayan t da d, da kuma k, g, h, ɗigon ba na wasali ba ne sam, na baƙin ne. Shi baƙin da kansa yake sauya sura ya gaya maka wasalin da ke biye. T na gaban a daban, t na gaban e daban, to tunda surar ta riga ta faɗa maka e ne, me za a yi da ɗigo? In ka ɗiga sai ya zama d. Haka k, in ka ɗiga ya zama g, in ka sa ɗan da'ira ya zama h. Ku ɗauki haha da hehe, namiji da mace, ku rubuta su gefe da gefe, za ku ga h ɗin ba iri ɗaya ba ne kuma e na hehe ba ɗigo ko ɗaya. Nan na gane. Sai da na tashi na zagaya tsakar gida, maman yara tana tambaya ko lafiya.

Ni fa Dahai, wani masanin Manchu, ya burge ni yanzu, shi ya ƙara ɗigo da da'irar nan a 1632. Ku yi tunanin waɗanda suka yi ta fama da na farkon, wanda Nurhaci, sarkin Manchu, ya sa mutanensa Erdeni da Gagai suka ɗauko daga rubutun Mongol a 1599, k da g da h duk abu ɗaya, sai dai ka san kalmar tun kafin ka gan ta. Ni da ake ɗiga min ma ga yadda na ƙare.

Wata dabara ga waɗanda suka yi ajami: tunda daga sama zuwa ƙasa ake rubuta Manchu, juya takardar yadda samanta zai koma hannun dama. Haƙoran sai su kalli sama, layin ya tafi daga dama zuwa hagu, ɗigon n ma ya hau kai kamar nun. Ba mamaki, ta rubutun Uyghur da na Sogdiya asalinsa ke komawa ga rubutun Aramiya, dangin nesa ne da na Larabci. Amma don karatu kawai nake juyawa, in na rubuta a haka wutsiyoyin ƙarshen kalma karkacewa suke.

Burushin da na saya na ajiye shi, tawada yake sha ya maida ɗigo tabo. Alƙalamin kara na fere na koma wa, da'irar h tana fita tsaf.

Da na ce zan gama kawuna goma sha biyun nan, juwan juwe uju, wato jadawalin gaɓoɓin Manchu mai kashi goma sha biyu, kafin in taɓa jimla, yanzu kam komai ya cakuɗe, ina kan na huɗu amma ina leƙa hoton bayan tsabar kuɗin daular Qing da Manchu suka kafa a China, har na karanto kalmar boo a gefen hagu. Abin da ya rage yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne n na tsakiya in baƙi na biye da shi, ɗigonsa ɓacewa yake ya zama sak a. Wanda ya wuce wannan gaɓar don Allah ya faɗa min yadda ya yi.